Ɗinkin titaniyam da ya yi toka-toka ya tsage

Tambaya: Maigida, na haɗa faranti biyu na gamin titaniyam da ake kira Ti-6Al-4V, masu kaurin milimita 2, da waldar argon. Ɗinkin ya fito shuɗi, wani wurin toka-toka, da na lanƙwasa shi a gwaji sai ya tsage. Wuta ce ta yi yawa?

Amsa: Ɗana, matsala biyu ce ka haɗa, kuma iska ta fi wuta laifi a nan.

Titaniyam idan ya wuce digiri 500 na Salsiyas yakan fara shan oksijin da naitirojin daga iska, yana ƙara zafi yana ƙara sha. Oksijin ɗin ba a sama kawai yake tsayawa kamar tsatsa ba, cikin ƙarfen yake shiga ya mayar da fatarsa mai tauri marar lanƙwasuwa. Daga wannan fatar tsagewa ke tashi. Launi shi ke ba ka labari: fari mai ƙyalli ya yi kyau, ruwan zuma mai haske ana karɓa, shuɗi ya fara zama abin zargi, toka-toka ko fari mai gari kuwa ya lalace. Kada ka sake bi ta kansa da wuta, ƙara cusa dattin za ka yi ciki. Yanke shi za a yi, a ci wurin har ƙarfe mai tsabta, a sake.

Kariya uku ake yi da argon, gas ɗin da ke tare iska daga ƙarfe mai zafi: argon a bakin toci da kofi mai faɗi, wajen lita 12 zuwa 15 a minti, wani argon da ke bin ɗinkin a baya har ya huce, sai na ƙasan farantin. Na ƙasan nan shi yara suka fi mantawa, tunda ido ba ya ganin wurin. Idan ka kashe wuta, bar argon ɗin ya ci gaba da fita aƙalla daƙiƙa 15, kan wayar cikawa ma ya zauna a cikinsa. Ka goge da asiton, da burushin ƙarfe marar tsatsa (stainless) wanda bai taɓa wani ƙarfe ba, kuma ka kashe fanka.

Sai maganar cikin ƙarfen. Wannan gami, mai alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, yana da tsari biyu, alfa da bita. A masana'anta ana murza shi ƙasa da digiri 995 ko kusa da haka, shi ya sa ƙwayoyinsa ke fitowa ƙanana, zagaye, masu jure lanƙwasa da girgiza. Da ya haura wannan iyaka duk ya koma bita, ƙwayoyin su yi ta girma da sauri. Ɗinkinka da gefensa dole su haura, tunda sai an wuce digiri 1600 yake narkewa. Farantin siriri yana hucewa nan da nan, bitar ta rikiɗe zuwa siraran allurai masu tauri. Don haka ko ɗinki mai tsabta ba zai lanƙwasu kamar farantin asali ba.

Abin da ke hannunka shi ne rage zafin da kake zubawa. Titaniyam ba ya tafiyar da zafi da wuri, wutar takan taru a wuri guda. Gajarta bakin wuta, yi tafiya ba tsayawa, kada ka riƙa kaɗa toci hagu da dama, ka bari ya huce kafin bi na biyu. A kan milimita 2, fara da amfiya 60 zuwa 80, toci a kan waya mai alamar ragi (−).

Idan aikin zai ɗauki nauyi, a sa shi a tanda mai argon ko marar iska, digiri 600 zuwa 650 na awa ɗaya zuwa biyu, ya saki ɗaurin da walda ta bar masa. Wannan ba ya mayar da manyan ƙwayoyi ƙanana, kuma ba ya fitar da oksijin da ya riga ya shiga. Kawo sabbin faranti biyu, a fara shirya argon na ƙasan farantin kafin ka taɓa toci.