Ƙanwata, kar ki sa hannu tukuna

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun da asuba na ga tambayarki a gidan nan, wato zaurenmu na masu fama da sankarar mama. Na karanta na ajiye wayar, na sake ɗauka na karanta, don ji na yi kamar ni ce na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Kin ce kina kan kemo na uku, wato ƙarin ruwan maganin sankara, wani kamfanin kayan kwalliya ya turo miki saƙo yana son labarinki da hotonki a tallansu na watan Oktoba, watan wayar da kai kan ciwon, sun ce "wani kaso" na ribar zai tafi ga marasa lafiya. 'Yan gida na cewa ki karɓa, ke kuma ko ganin launin ruwan hodar nan da ake alamta ciwon da shi ba kya son yi, har kina tambayarmu ko butulci ne ke damunki. Wallahi ba butulci ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ni na karɓi irin wannan gayyatar, kuma har gobe idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Lokacin an riga an cire min mama na hagu, ina kan kemo na biyar. Aka ce mana taron wayar da kai ne, za mu yi wa mata bayani su riƙa duba kansu. Na yi murna, don da na san ƙullutun nan da wuri da ban kai inda na kai ba, kuma na ce ko mace ɗaya ce ta ji maganata ta je asibiti, wahalar da na sha ba ta tafi a banza ba. Ranar ta faɗo kwana huɗu bayan ƙarin ruwa, kun dai san yadda kwana na huɗu yake. Bakina duk gyambo, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake min. Haka na lallaɓa na tafi. A bakin ƙofa aka miƙo min takarda da biro, na ɗauka rajistar waɗanda suka zo ce, na sa hannu ban karanta ba. Aka ba mu riguna ruwan hoda, mu takwas. Sunan kamfanin a ƙirjin rigar ya fi ɗan ƙyallen da ke alamta ciwon girma sau uku, kuma daidai wajen da aka yi min aiki ya zauna.

Ɗakin taron cike da balan-balan da kiɗa, ga ƙamshin turarensu ya cika ko'ina, ni kuwa a lokacin ko sabulu mai ƙamshi na shaƙa sai amai. Sau biyu ina shiga banɗaki. Matar da ke shirya taron, mai waya biyu a hannu ɗaya, ba ta taɓa tambayar sunana ba. "Jarumarmu" take ce wa kowacce a cikinmu. Da aka zo ɗaukar hoto ta matso kusa da ni ta ce, "Hajiya, ɗan zame ɗankwalin nan mana, mutane su ga ƙarfin halinki." Na ce mata a'a, a hankali, don ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Ta yi dariya, ta sa yatsa biyu ta ja shi baya da kanta. Kan da ko mijina ban bari ya gani da rana tsaka ba, kan da nake kashe fitila kafin in buɗe. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya daki fatar kaina, mai hoto yana cewa a yi murmushi, a ƙara murmushi. Kuma na yi. Abin da ya fi ci min rai ke nan, na tsaya na yi musu murmushin, hawaye na taruwa a idona, su kuma suna tafi.

Wannan ma bai kai abin da ta yi wa 'yar'uwarmu ba, tsofaffin 'yan gidan nan za su gane wadda nake nufi. Ita nata ya riga ya shiga ƙashi, mataki na huɗu, a keken marasa lafiya ta zo, ta rame sosai. Ta shirya maganar da za ta yi a 'yar takarda, ta nuna min a mota, layi shida ne kacal. Matar nan ta dube ta sama da ƙasa ta ce wa yaron da ke tura keken ya kai ta gefe ta huta, wai hoton da zai ƙarfafa wa mutane gwiwa suke so. Gefen kuwa bayan labule ne, inda aka jibge kwalayen kayansu. Can ta zauna har aka tashi, takardarta a hannu. Ba ta ce komai ba a hanyar dawowa, sai ninke takardar take yi tana warwarewa. Ba ta ga Oktoba na gaba ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zame mata kaffara. Na yafe abubuwa da yawa a ciwon nan, amma labulen nan na kasa.

Bayan mako biyu hotona ya fito, kaina a buɗe, gefena kwalbar man shafawa. 'Yan'uwan da na ɓoye wa ciwona, har da gwaggona mai hawan jini, a talla suka gani. Ɗana ya dawo daga makaranta ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, sai daga baya na ji abin da yara suka ce masa. Na kira matar na ce a sauke, ta ce ai na sa hannu. Na ce to nawa aka tara, wace ƙungiya aka ba? Ta ce ana kan lissafi. Na kira a Disamba, ana kan lissafi. Daga nan ta daina ɗauka. Abin da na tsira da shi jaka ce mai man shafawa mai turare, wanda da aka fara min gashi da na'ura likita ya ce kar ya kusanci wajen. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A dararen da barci ya ƙaurace min bayan wannan ne na zauna da 'yata muna bincike a intanet, don ina so in san ko ni kaɗai ce ke jin haka. Ashe tun daga tushe abin a haɗe yake da kasuwanci. Watan wayar da kan nan a Amurka aka fara shi a 1985, ƙungiyar American Cancer Society ce da sashen magunguna na kamfanin ICI, wanda daga baya ya zama ɓangaren AstraZeneca. Su ne suka fara yin tamoxifen, ƙwayar da nake haɗiya kowace safiya, kuma ina gode wa Allah da samuwarta, ba zan ɓoye ba. Amma labarin ƙyallen ne ya sa ni kuka. Wata dattijuwa ce a Kalifoniya, Charlotte Haley, wadda sankarar mama ta taɓa mata 'yan gida, a farkon shekarun 1990 ta riƙa haɗa 'yan ƙyallaye da hannunta, launin ruwan goro mai haske, tana rabawa da kati. A katin ta rubuta cewa cibiyar binciken sankara ta ƙasarsu na da kasafin dala biliyan 1.8 a shekara, amma kashi 5 cikin 100 ne kawai ke zuwa rigakafi. Ƙorafi take yi, tana so mutane su tashe 'yan majalisa daga barci. A 1992 mujallar Self da kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder suka nemi ta ba su ƙyallen, ta ƙi, ta ce kasuwanci ya yi yawa a ciki. Sai aka canja launi zuwa ruwan hoda aka ci gaba ba da ita ba. Kin ga tun ranar farko akwai macen da ta ji irin abin da kike ji, ta kuma ce a'a.

Ba ina cewa duk ƙarya ba ce. Evelyn Lauder, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ita kanta ta yi ciwon, kuma gidauniyar da ta kafa a 1993 ta zuba kuɗi masu yawa a bincike na gaske. Akwai matan da saboda hayaniyar Oktoba suka je aka duba su aka kama abin da wuri, na san biyu a gidan nan. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu fakewa da guzuma su harbi karsana. A Amurka akwai ƙungiyar Breast Cancer Action, mata ne irinmu suka kafa ta, a 2002 suka fara kamfen cewa a tsaya a yi tunani kafin a sayi kaya don launinsa. Su suka riƙa fito da irin tallan kamfanin yogot na Yoplait, inda za ki wanke murfin kwanon ki aika ta gidan waya a ba da senti 10, alhali kan sarkin da kika manna ya fi senti 10 ɗin tsada. A 2014 kamfanin Baker Hughes, mai kayan haƙar mai, ya shafa wa bakin injin haƙa guda 1,000 fenti ruwan hoda, ya ba Komen, wata gidauniyar yaƙi da ciwon, dala 100,000, mata suka yi ca a kansa. Har barasa ake sayarwa da ɗan ƙyallen nan, bayan an tabbatar shan ta na ƙara haɗarin kamuwa da wannan ciwo.

To ke dai kar ki sa hannu a komai kina cikin kemo. Kanki ba ɗaya yake ba yanzu, ni lokacin ko lambar wayata sai in manta. Ki ce su rubuto miki a takarda: nawa ne daga kowace kwalba, ba "wani kaso" ba, adadi. Wace ƙungiya za a ba, kuma ki kira ƙungiyar da kanki ki ji ko sun san da zancen. Ki tambaya ko akwai iyakar da suka ƙayyade, don wasu tun kafin a fara sun yanke abin da za su bayar, ko an sayi dubu ko an sayi miliyan, sauran aljihunsu. Mai niyyar alheri ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuma fuskarki ba kyauta ba ce, masu fitowa a tallansu na sauran watanni biyan su ake yi, don me ke da kike biyan kuɗin magani za a sallame ki da jaka? A rubuta tsawon lokacin da za su yi amfani da hoton, da inda za a sa shi, da cewa sai kin gani kin yarda kafin ya fita. Ki tafi da yayarki ko wani mai baki, kar ki je ke kaɗai kamar yadda na yi.

'Yan gidanku kuma ki yi musu uzuri, so suke su ga kin fito kin yi dariya. Nawa ma haka suka yi, kowane Oktoba sai an cika min waya da hotunan ƙyalle da furanni, a ce ni jaruma ce. Na san ƙauna ce. Amma kalmar nan ta jaruma tana da ƙaya, don idan wadda ta rayu ita ce ta yi yaƙi ta ci, wadda aka kai bayan labule fa, ragwanta ta yi? Ta fi ni juriya sau goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ciwon, 670,000 suka rasu. A shekara ɗaya ke nan. Waɗannan dubban ba sa fitowa a kan kwalba. Cikin kwana 31 na Oktoba, 13 ga wata kaɗai aka ware wa masu mataki na huɗu, shi ma mutum nawa suka sani? Maza kuma da ciwon ke kamawa, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ciwon, su launin ma kunya yake ƙara musu. Akwai wani bawan Allah da muke layin kemo tare, sai ya juya baya ga allon tallan da ke bangon kafin ya zauna.

Wayar da kai kuma, wace wayewa ce ta rage wa macen da ta ji ƙullutu, ta sani sarai, amma ba ta da kuɗin gwajin tsoka? A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 cikin 100 na kai shekara biyar bayan gano ciwon, a Afirka ta Kudu kusan kashi 40. Bambancin nan ba rashin balan-balan ba ne, rashin gwaji da wuri ne da magani da na'urar gashi. Wanda ya tambaye ni yadda zai taimaka, cewa nake ya ajiye kwalbar, ya kai kuɗin kai tsaye ga ƙungiyar da ya ga aikinta da idonsa, ko ya ɗauki wata zuwa asibiti ranar ƙarin ruwa ya jira ta, ko ya riƙe mata yara.

Af, kin ce taron nasu tsakiyar wata ne. Ki lissafa kwanakinki, don daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo ne ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suke yin ƙasa sosai, shiga cunkoso a lokacin haɗari ne. Ni bayan taron nan da kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ni, sai da aka ba ni gado. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da ke, in ya kai 38 kar ki jira gari ya waye, ki kira likitanki ko ki tafi asibiti. Gyambon bakin da kika ambata a ƙarshe kuma ki faɗa musu kafin zagaye na huɗu, akwai abin kuskure baki da suke bayarwa, kar ki daure a banza.

In kina so ki turo min saƙon kamfanin ta akwatina mu karanta tare, layi bayan layi, 'yata ma za ta duba mana. Yaushe ne kemo na huɗun? Ki faɗa min ranar in sa ki a addu'a. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata, ya sassauta miki.