Yaro ya ga lamba na raguwa ya ɗauka sauƙi ne

Tambaya: Salam. Yarona ya gama sakandare bana, ya kafe sai injiniyancin ƙera jirgin sama a jami'ar ODTÜ ta Ankara, Turkiyya. Ya nuna min wani jadawali a waya wai duk shekara lambar shiga kwas ɗin raguwa take, har murna yake yi. Wani ejan kuma ya ce in kawo kuɗi ya samo masa gurbi. In biya ko in dakata? Daga wani uba a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Dakata tukuna, ko sisi kar ka tura, yaron naka a juye ya karanta jadawalin. Lambar nan ba maki ba ne irin na JAMB, matsayi ne, wato na nawa ka zo a duk ƙasar, kamar dai yadda ake cewa wane ya zo na ɗaya wane na goma a aji, sai dai shi wannan ajin mutum sama da miliyan biyu ne ke zana YKS, jarrabawar shiga jami'a ta Turkiyya, duk shekara. Abin da ake wallafawa matsayin ɗalibi na ƙarshe ne da ya samu shiga. To in lambar bana ta fi ta bara ƙanƙanta ai ƙofa ce ta ƙara tsukewa. Dokar ƙasar ta ce wanda bai shiga cikin 300,000 na farko ba ko fom ɗin injiniya ba zai cike ba, amma wannan kwas a ODTÜ zancen 'yan dubban farko ake yi.

Dalili kuwa a fili yake. Tunda jirgi mara matuƙi na Bayraktar TB2 ya yi suna, ga bikin baje kolin fasaha da jiragen sama na Teknofest da aka fara a 2018, ga jirgin yaƙinsu KAAN ya yi tashin farko a Fabrairun 2024, yaran Turkiyya masu kai sai tururuwa suke zuwa wannan fanni, su kuwa kujerun aji ba sa ƙaruwa daidai da masu nema.

Amma fa jadawalin nan ma ba nasa ba ne, na 'yan ƙasa ne. Baƙi irin ɗanka an ware musu nasu gurabun, 'yan kaɗan, kuma da baƙi 'yan uwansa zai yi takara, da sakamako irin su jarrabawar SAT ta Amurka ko TR-YÖS, jarrabawar ɗalibai baƙi wadda ÖSYM, hukumar jarrabawar ƙasar, ta fara shiryawa a 2023. Kowace jami'a tana fitar da jerin satifiket ɗin da take karɓa a shafinta, a nan ake cike fom, babu ejan ɗin da ke da kujera a aljihu. Skolashif ɗin gwamnatinsu, Türkiye Bursları, ana buɗe shi wajen Janairu zuwa Fabrairu kuma nemansa kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi ya "shigar da sunanka" ka riƙe aljihunka da kyau. A ODTÜ da Turanci ake koyarwa, wanda ya faɗi gwajin Turanci sai ya yi shekarar share fage, ka sa kuɗinta a lissafi.

Sannan ka zaunar da shi ka tambaye shi, ƙera jirgin yake so ko tuƙa shi? Yara da yawa suna haɗa su wallahi. Wannan digirin lissafi ne da fiziks tun safe har dare, ba ya mai da mutum matuƙi, mai son tuƙi kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta NCAT da ke Zariya ce hanyarsa. Kuma manyan kamfanonin tsaron can galibi 'yan ƙasa suke ɗauka aiki, kar ya kwanta da mafarkin aiki a Baykar, kamfanin da ke ƙera Bayraktar.

Ni a wurinka Alhaji, kuɗin ejan ɗin zan raba biyu. Rabi a saya masa fom ɗin JAMB ya zaɓi AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke Mando a Kaduna, ko KWASU, jami'ar jihar Kwara da ke Malete, dukansu suna da kwas na wannan fanni. Sauran rabin lesin ɗin lissafi. Kafin nan a buga masa takardar gwaji irin ta TR-YÖS, tambaya 80 ce a minti 100, ka karɓe wayarsa ka sa agogo a gabansa ranar Asabar da safe. In ya gama ku rubuto min da abin da ya ci.