Allon Arduino yana mutuwa a injin bolin

Malam, ka ce Arduinon (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'ura) da ka haɗa wa tsohon injin jera sandunan bolin (wasan gangara ƙwallo a kayar da sanduna) yana mutuwa ya sake tashi duk sanda solenoid (naɗin waya mai jan ƙarfe idan an ba shi wuta) ya saki. Kada ka yi gaggawar canza allon. Da zarar an yanke wa naɗin wayar solenoid wuta, yakan turo wuta mai ƙarfi baya, ita ke rikita allon, har ta ƙona tiransista. In wutar solenoid ɗin DC ce, ɗaura diyod 1N4007 a ƙafafun solenoid ɗin biyu, gefen zoben diyod ɗin yana wajen fositif. In AC ce, diyod ba zai yi ba, sai snubber na RC, wato resista da kafasita a haɗe masu shanye wutar da ke dawowa. Ware wa allon wutarsa ta 5V daban da ta motar da ke juya injin. Duba dalmar ƙafafun rile (makunnin da wuta ke kunnawa) da kyau ma, girgizar injin kan tsaga ta siriri kamar silin gashi.