Na gaji da kujerar hedimasta, ina so in koma aji

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare a Kumo, Jihar Gombe. Aikin ofis ya raba ni da alli, kullum daga taro sai cike takardu. Ina so in koma koyar da lissafi. Albashina zai ragu? Kuma ba za a ce sauke ni aka yi ba?

Amsa: Malam, albashinka yana bin matakinka ne a aikin gwamnati, ba kujerar da kake kai ba. Shugabancin makaranta tura ka aka yi ka riƙe. Idan kana mataki na 13 ko 14, da shi za ka shiga aji, shekarun aikinka kuma suna nan a lissafin fansho. Abin da zai tsaya shi ne alawus na shugabanci, in dama ana ba ka.

Maganar "sauke shi aka yi" kuwa, bakin mutane ba ya rufuwa, amma fayil ɗinka shi ne shaidarka. Kada ka wadatu da faɗa wa Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Akko da baki. Rubuta takarda ta hannunsa zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ka bayyana ƙarara cewa kai ka nema, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Ranar da ƙarin girma ya zo, masu duba fayil ba su san ka ba, abin da ke rubuce za su karanta.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne miƙa ragama. Rubuta komai: kujeru nawa, littattafan da aka raba wa makaranta, rajistar ɗalibai, kuɗin da ya bi ta hannun kwamitin kula da makaranta (SBMC) da na iyayen yara, har makullin sito. Kai da magajinka ku sa hannu a gaban shugaban kwamitin SBMC. Yawancin rigimar da ke bin tsohon hedimasta daga nan take tasowa, benci goma su ɓace bayan tafiyarsa a ce tun zamaninsa ne.

Sannan, a ganina, ka roƙi a canza maka makaranta. In ka zauna, malaman da ka saba ba tambayar ladabtarwa su ne abokan zamanka a ɗakin malamai, iyaye kuma za su riƙa tsallake sabon hedimasta suna kawo maka ƙara a gindin dalbejiya. Ko ba ka yi nufi ba, ka hana shi sakat.

Ajin ma ba yadda ka bar shi yake ba. Nemi manhajar da ake aiki da ita yanzu, ka koma rubuta tsarin darasi da hannunka, ka shirya wa ranar da wani matashi zai duba maka shi da jan biro. Ka kuma tabbatar lasisinka na TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, bai ƙare ba. In da hali, miƙa takardar tun kafin hutun ƙarshen zango na uku, domin canjin ya zo daidai da sabuwar shekarar karatu a Satumba.