Tambayi Likita: Maɗiga, Ƙoda da Zuciya

Wata uwa daga unguwar Bagalam: Likita, maɗigar jaririna tana bugawa, wani lokaci kuma ta loma. Kakarsa ta ce a shafa mata magani.

Maman yaro, bugawar nan lafiya ce, bugun jininsa ne kike gani. Allah bai haɗe ƙasusuwan kan jariri ba tun a ciki, don kan ya iya matsewa ya fito wajen haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Maɗigar gaba takan rufe tsakanin wata 12 zuwa 18. Na daɗe ina duba jarirai, amma har yau in na ɗora yatsa a wurin nan sai na ce Subhanallah. Lomawar ce abin tsoro. Idan maɗiga ta faɗa ciki, musamman ga yaro mai zawo ko amai, jikinsa ne ya rasa ruwa, kuma babu abin shafawa da zai mayar da shi. Ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, ki kai shi likita a ranar. Ki gaishe da kaka, ki faɗa mata da ladabi.

Wani ɗan kabu-kabu daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi: A watan Afrilu fitsarina yakan yi ja ya ragu. Ciwon ƙoda ne?

Malam, galibi ƙodarka ce take maka tattali. A kowace ƙoda akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya. Su biyun suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, wato jarka tara masu lita ashirin, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, abin da ke fita fitsari kusan lita ɗaya da rabi ne kawai. Idan zafin Maraɗi ya haura digiri 40 kana ta gumi a kan babur, ƙwaƙwalwa takan aika wa ƙoda saƙo ta riƙe ruwa. Sha ruwa har fitsarin ya yi haske. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur, irin su diclofenac, da kuke haɗiya kullum kuna cikin ƙishirwa. Su ne ke lalata ƙoda. Idan ka ga jini ko ƙafa ta kumbura, kada ka jira.

Wani malamin allo daga Tibiri: Ta yaya zuciya ke aiki shekara da shekaru ba hutu?

Allah gafarta Malam, tana hutawa, tsakanin bugu da bugu. Tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, da ɗan lantarkin da take ƙirƙira da kanta, kuma a wannan ɗan sakin da take yi ne akasarin jinin da ke ciyar da naman ta yake shiga. Hawan jini ne ke wahalar da ita a ɓoye, don haka ku rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa auna ku ko kuna jin garau.