Hukuncin Barin Yara Su Kalli Fim Ɗin Coco

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Ya'yana sun matsa mini in bar su su kalli katun ɗin nan mai suna Coco, wanda aka cika da kiɗa da al'adun mutanen Meziko. Shin ya halatta in bar su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin ki miƙa musu waya.

Kamfanin Pixar ne ya fitar da fim ɗin a shekarar 2017, kuma labarin yaro ne ɗan shekara 12 mai suna Miguel, wanda ke son kaɗa jita alhali danginsa masu sana'ar takalma sun haramta kiɗa a gidansu. Sanin al'adun wata al'umma ba laifi ba ne, domin Allah Ya ce Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna (Hujurat: 13). Akwai ma darasin zumunci a fim ɗin, da girmama tsohuwar gidansu mai suna Coco, wadda mantuwa ta kama.

Kiɗa kuwa mas'ala ce ta saɓani. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da mandiri a biki da idi, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari wanda ya zargi masu halatta kayan kiɗa, Ibn Hazm kuma ya halatta. Ni ina kan ra'ayin mafi rinjaye.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne aƙidar da aka ɗora labarin a kanta. An gina shi ne a kan bikin ranar matattu da ake yi a Meziko ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, inda ake jera hotunan mamata a kan tebur tare da kyandir da furanni da abincin da suke so, da imanin cewa za su dawo ziyara. Fim ɗin yana nuna wa yaro cewa mamaci yana tsallako gada zuwa duniya muddin an ajiye hotonsa, kuma yana shuɗewa gaba ɗaya idan rayayyu suka manta da shi. Wannan ya saɓa wa Alƙur'ani ƙarara, domin akwai shamaki tsakanin mamata da duniya har ranar tashi (Muminun: 100), kuma abin da ke isa ga mamaci shi ne sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da addu'ar ɗa nagari, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Saboda haka bai halatta ki bar ƙananan yaran da ba su bambance tatsuniya da aƙida su kalle shi ba. Idan kuwa wanda ya fara wayo ya riga ya gani a wurin abokai, kada ki tsananta masa; ki zaunar da shi ki warware masa batun kabari da barzahu, sannan ki koya masa addu'ar da ake yi wa mamata ya riƙa yi wa kakanninsa. Wallahu a'alam.