Tambayoyinku: Wai tauraron nan mai shuɗi ya fi rana zafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah akwai wani tauraro mai haske sosai da nake gani da daddare kusa da taurarin nan uku da suke a jere, haskensa fari ne amma kamar da ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙanina ya ce wai ya fi rana zafi kuma wai ba shi kaɗai ba ne, ni dai ɗaya nake gani. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle ce?

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama. Ƙanin naki bai yi ƙarya ba. Sunan tauraron Rigel, daga Larabci ne, rijlu wato ƙafa, don shi ne ƙafar siffar mutum da wasu taurari suka fitar a sama, wadda ake kira Orion, taurari ukun kuma ɗamararsa.

Maganar launi, ki tuna ƙarfe a wuta, da farko ja yake yi, in zafi ya ƙaru ya koma ruwan ɗorawa, in ya kai maƙura sai ya yi fari fat, to haka taurari suke, ja shi ne mai ɗan dama-dama, shuɗi kuwa ya wuce farin ma. Saman rana wajen digiri 5,500 ne, na Rigel ya kai kusan 12,000. Ki duba ɗaya gefen ɗamarar za ki ga wani ja, Betelgeuse, shi wajen 3,500 ne kawai.

Girma fa ba a magana, faɗin Rigel ya ninka na rana fiye da sau 70, nauyi kamar sau 20, haske kuma dubban dubbai, shi ya sa duk da nisan da sai haske ya yi tafiyar shekara kusan 860 kafin ya iso idonki har yanzu shi ne na 7 a haske cikin taurarin dare. Abin da ke ba ni mamaki ni, yaro ne, shekarunsa kamar miliyan 8, rana kuwa biliyan 4.6, amma saboda yadda yake cinye makamashinsa ba ƙaƙƙautawa har ya fara tsufa, ƙarshensa fashewa zai yi.

Abokansa kuma suna nan, hasken babban ne ya danne su, kamar a kunna ashana a gefen fitilar mota. Masanin taurari William Herschel ya hango na kusa da shi a 1781 da madubin hangen nesa, daga baya aka gano ashe wannan ɗigon ma biyu ne, ɗaya daga cikin biyun kuma shi ma biyu ne da suke zagaya juna duk bayan kusan kwana 10. Kin ga huɗu ke nan har da babban. Kuma fa kowannensu ya fi ranarmu zafi, a gefen Rigel ne kawai suka zama ƙanana. Da ido zalla ba za ki gan su ba, sai da madubi, shi ma a daren da sama ta yi garau.